"Yaushe ka gama makarantar lauyoyi?": Shari'ar Candide-Johnson da Edigin, da iyakar ikon ƙaramin alƙali kan raina kotu

A ƙarshen shekarun 1980, zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, wani matashin lauya mai suna Adeyemi Candide-Johnson ya tsaya a gaban wata kotun majistare a Kano yana kare wani mutum da 'yan sanda suka gurfanar. Mai zaman kotun ita ce Misis Esther Edigin, wadda take riƙon muƙamin babbar majistare a lokacin. Ana cikin shari'a magana ta yi zafi tsakanin lauya da majistare, wannan ya faɗa waccan ta mayar, har ta kai ga ta jefa masa tambaya: yaushe ya gama makarantar horar da lauyoyi? Ya ce ba zai amsa wannan tambaya ba. Nan take ta ba da umarni a tsare shi bisa laifin raina kotu, aka tisa ƙeyarsa zuwa sel.

Bai daɗe a tsare ba. Da wani ne, da ya kakkaɓe rigarsa ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya koma harkokinsa. Shi bai yi haka ba. Ya kai ƙara yana cewa an tauye masa 'yancinsa, bai sami biyan buƙata a kotun da ya fara kai kukansa ba, sai ya ɗaukaka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna, wadda Kano take ƙarƙashinta a wancan zamani. Hukuncin da kotun ta yanke, wanda aka buga a mujallar shari'u a 1990, har yau ana koyar da shi ga ɗaliban lauya a Najeriya, kuma da wuya a yi muhawara kan alƙali da lauya sun yi sa-in-sa ba a ambaci sunansa ba. Shi lauyan daga baya ya kai matsayin SAN, lambar girma da ake bai wa manyan lauyoyi a Najeriya. Mai shari'a Okay Achike, wanda kalamansa a hukuncin suka fi yaɗuwa, shi ma daga baya ya je Kotun Ƙoli.

Kafin a duba abin da kotun ta ce, ya kamata a san daga ina majistare ta samo ikon da ta yi amfani da shi, don a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kotunan Najeriya ba ɗaya suke ba a wannan fanni. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa manyan kotuna da sunansu: Kotun Ƙoli, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babbar Kotun Tarayya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, manyan kotunan jihohi da ta Abuja, da kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci da na al'ada. Waɗannan suna da ikon hukunta raina kotu tun daga asalin kafuwarsu, ko an yi rainin a gaban alƙali ko an yi shi a waje, kamar a jarida. Kotun majistare, kotun yanki, kotun shari'ar Musulunci ta farko da babbarta, duk dokar jiha ce ta kafa su, kuma iyakarsu ita ce abin da dokar ta ba su. Abin da aka san su da shi shi ne hukunta rainin da aka yi a gabansu, lokacin da kotu take zaune. In wani ya zagi majistare a gidan rediyo ko a Facebook, ba shi da hurumin aikawa a ɗauko mutumin ya ɗaure shi nan take da sunan raina kotu. Sai dai a bi hanyar ƙara da tuhuma kamar kowane laifi.

A Arewa, sashe na 155 na dokar Pinal Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ya ce wanda ya ci mutuncin ma'aikacin gwamnati da gangan, ko ya katse masa aiki, alhali yana zaman shari'a, ana iya ɗaure shi har wata shida, ko tara, ko duka biyun. A Kudu, sashe na 133 na tasu dokar laifuffukan ya tanadi wata uku. A Ingila kuwa, inda aka kwaso tsarin, dokar 1981 ta taƙaita majistare ga ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba. Akwai kuma wani nau'in raina kotu daban, wato ƙin bin umarnin da kotu ta bayar, wanda yake da tasa hanyar ta aika takardun gargaɗi da ake kira Fom 48 da Fom 49. Irinsa ne ya sa Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ɗaurin wata uku a Nuwamba 2022, kafin daga baya a janye umarnin. Ba shi ne abin da ya faru a Kano ba, don haka mu bar shi nan.

Ke nan ba a ce Misis Edigin ba ta da iko kwata-kwata ba. Kotunta tana zaune, abin ya faru a gabanta, ta ji da kunnenta. Tambayar da ke gaban alƙalan Kaduna ita ce: shin abin da lauyan ya yi ya kai raina kotu?

Mai shari'a Achike ya bi kundin shari'ar daki-daki. Ya lura cewa rai ya ɓaci a ɓangarorin biyu, kuma amsar lauyan ba ta da laushi. Bai wanke shi ya mai da shi waliyyi ba. Amma ya tsaya a kan ita tambayar. Shekarar da lauya ya gama karatu ba ta cikin abin da kotu ta zauna ta warware; ba ta ƙara wa tuhumar da ake yi wa mutumin da ke cikin akwatin tuhuma ƙarfi, ba ta kuma rage mata. Kowa ya san me ake nufi da irin wannan tambaya idan babba ya yi wa yaro ita a bainar jama'a: ana so a nuna masa bai isa ba ne. A ganin Achike, majistaren ta sauko daga kujerarta mai daraja, ta jawo lauya cikin wata zantawa da ba ta shari'a ba, sannan ta shiga fagen cacar baki da shi. Ya ce ba daidai ba ne, kuma zai mai da aikin shari'a abin dariya, a ce majistare ko shugaban wata ƙaramar kotu yana da ikon tsokano musayar yawu da lauya, sannan ya juyo ya zare masa makami mai kaifi irin na hukuncin raina kotu. Ya ƙara da cewa yadda aka yi amfani da ikon a wannan shari'a ya yi kusa da cin zarafin muƙamin alƙalanci.

Ina ganin ƙashin bayan hukuncin shi ne wannan: ba a bai wa alƙali ikon hukunta raina kotu don ya kare martabar kansa ba. An ba shi ne don kada aikin shari'a ya tsaya. Mutumin da ya hana shaida magana, ko ya yi masa barazana daga cikin 'yan kallo, ko ya ɗaga hannu zai mari abokin shari'arsa, ko ya yi ta ihu har aka kasa jin bayani, wannan ya tare hanyar adalci, kuma dole a kawar da shi nan take, ba sai an jira sammaci ba. To lauyan da ya ƙi faɗin shekarar da ya gama makaranta, wane aiki ya tsayar? Da majistaren ta ce a ci gaba, da an ci gaba. Abin da ya tsayar da shari'ar a ranar shi ne umarnin tsarewar, wanda ya bar mutumin da ake tuhuma tsaye ba mai kare shi. Wannan mutumin ne aka fi mantawa da shi idan ana ba da labarin, alhali kuwa dominsa aka zauna.

Ba daga sama wannan fahimta ta faɗo ba. Tun 1953, a shari'ar wani lauyan Najeriya mai suna Izuora, wanda aka hukunta saboda bai halarci zaman yanke hukunci ba, kwamitin alƙalan majalisar Sarauniya a Landan, wanda shi ne matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara a lokacin mulkin mallaka, ya ce ba kowane rashin ladabi da lauya ya yi wa kotu ne yake zama raina kotu ba. A 1971, a shari'ar Boyo da Babban Lauyan Gwamnatin Jihar Yamma ta Tsakiya, Kotun Ƙoli ta ja kunnen alƙalai cewa hukunci na nan take ba abin yi ba ne kullum, kuma inda abin bai bayyana ƙarara ba, gara a miƙa shi ga wani alƙalin. A 1975 kuma, a shari'ar Deduwa, wasu masu ƙara a Warri sun rubuta wasiƙa suna neman a mayar da shari'arsu gaban wani alƙali don suna tsoron son kai. Alƙalin ya sa su a akwatin shaida, ya yi musu tambayoyi da kansa, ya hukunta su. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Duk waɗannan manyan kotuna aka yi wa gyara. Muhimmancin shari'ar Kano shi ne ta sauko da maganar ƙasa, inda yawancin jama'a suke haɗuwa da shari'a a rayuwarsu.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. A kowace shari'a akwai mai ƙara, akwai shaida, akwai mai gabatar da ƙara, akwai alƙali, kowa da mazauninsa. A raina kotu na nan take, mutum ɗaya ne yake riƙe da duka huɗun. Shi aka ɓata wa rai, shi ya gani, shi ya tuhuma, shi zai yanke. Tsarin mulki ya tanadi cewa a saurari kowa a gaban kotu mai zaman kanta da ba ta da ɓangare, a sashe na 33 na kundin 1979 da na 36 a na 1999, kuma wannan iko shi ne togaciya mafi girma da aka yi wa wannan ƙa'ida. Shi ya sa kotunan sama suka dage a kan matakai: a fito da mutum daga inda yake a sa shi a akwatin tuhuma, a gaya masa ainihin abin da ya faɗa ko ya aikata, a ba shi dama ya faɗi dalilin da zai hana a hukunta shi, kada kuma a tilasta masa ba da shaida a kan kansa.

Akwai wani abu na biyar da alƙalin yake riƙe da shi wanda ba a cika magana a kansa ba, wato alƙalami. A mafi yawan ƙananan kotunanmu, alƙali ne yake rubuta abin da ya gudana da hannunsa a cikin babban littafi, ko kuma ma'aikacin da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ya ga yadda lauya yake magana yana kallon hannun alƙali, ya faɗi jimla ya dakata har alƙalami ya cim masa. Idan rikici ya tashi, ba wanda yake rubutu a daidai lokacin. Sai ƙura ta lafa a rubuta, kuma wanda aka yi rigimar da shi ne zai rubuta. A kundin shari'ar Kano an nuna cewa lauyan ya ƙi amsawa cikin matuƙar rashin ladabi. Wata kila haka ne. Amma kotun sama ba ta da muryarsa, ba ta da yanayin fuskarsa, abin da take da shi kawai shi ne kundin kotun da ta tsare shi. Sa'ar da ya yi ita ce ita kanta tambayar ta shiga kundin. Da an tsallake ta, an rubuta rashin ladabin kaɗai, da labarin ya sha bamban.

Ba zan yi wa majistare rashin adalci ba, don aikin ba ƙarami ba ne. Mutum yana zaune a ɗaki mai zafi, jerin ƙararraki sun cika tebur, 'yan uwan masu shari'a sun cika benci har bakin taga, mai tsaron lafiyarsa ɗan sanda ɗaya ne, wani lokacin ma babu. Akwai lauyoyin da suke yi wa majistare kallon ƙarami, su yi masa abin da ba za su kuskura su yi a babbar kotu ba, mace kuma abin nata ya fi yawa. Wanda ya ce a ƙwace wannan iko gaba ɗaya bai taɓa ganin yadda shari'ar gado ko ta gona take juyewa ta zama dambe cikin ƙiftawar ido ba. Amma majistare yana da wasu hanyoyi kafin sel. Yana iya tashi ya shiga ofis na ɗan lokaci. Yana iya ɗage shari'ar. Yana iya kiran lauyoyin ciki ya yi musu magana, ko ya sa a fitar da mai hayaniya waje. In lauya ne ya wuce gona da iri, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ake kai rahoto. Ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya wadatar a ranar.

Alƙalan kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki a Kano da wasu jihohin Arewa daga shekarar 2000, ba sa buƙatar zuwa Ingila neman wannan darasi, yana cikin littattafan da suka karanta a zaure. Malaman Malikiyya sun yarda alƙali ya ladabtar da wanda ya munana masa a majalisin shari'a. Tuhfa ta Ibn Asim ta ce ladabtar da wanda ya yi wa alƙali jafa'i shi ne ya fi. Amma Muhtasar na Shehu Halil, a wurin da ya ambaci wannan ladabtarwa, ya yi togaciya: sai dai in magana ce irin "ka ji tsoron Allah a kan lamarina", to a nan sai alƙali ya tausasa masa. Ga kuma hadisin Abu Bakrata da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu alhali yana cikin fushi. In an hana shi hukunci tsakanin wasu yana fushi, ina ga hukunci tsakaninsa da wanda ya fusata shi?

Wannan togaciya ta Shehu Halil ita ta fi damuna, don irin wannan magana ce talaka yake yi a kotu. Matar da aka yi ta ɗage mata shari'ar ciyar da 'ya'ya, ta biya kuɗin mota ta zo da goyo, aka ce mijin bai zo ba a dawo wani watan, ba ta san wani sashe na doka ba. Abin da zai fito daga bakinta shi ne "Allah ya gafarta malam, a duba Allah a duba ni", in ciwon ya kai maƙura kuma ta ce "Allah ya isa". Kalma ce mai nauyi, ba alƙalin da zai so a faɗa masa ita a gaban jama'a. Amma kukan wanda ya gaji ne, ba yunƙurin hana shari'a tafiya ba. Idan aka ce a rufe ta a bayan kanta, babu ƙungiyar da za ta fitar da sanarwa, babu ɗan jaridar da zai ji. Za ta fito ne bayan wani dattijo ya shiga ofis ya durƙusa ya ba da haƙuri, sau da yawa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a kundi ba.

Candide-Johnson lauya ne, ya san hanya, yana da halin bin ƙara daga Kano zuwa Kaduna. Ko ga masu irin wannan gata, abin bai ƙare a 1990 ba. Ranar 27 ga Yuli 2022, Babbar Jojin Jihar Akwa Ibom, Ekaette Obot, ta tura lauya Inibehe Effiong gidan yari na wata ɗaya, a cikin shari'ar ɓata suna da gwamnan jihar na lokacin, Udom Emmanuel, ya shigar a kan wanda Effiong yake karewa. Lauyan ya riga ya nemi ta janye daga shari'ar, kuma a ranar ya yi ƙorafi kan 'yan sanda masu bindiga da ke cikin ɗakin kotu. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta yi magana, jaridu sun yi ta rubutu, amma sai da ya cika watansa. Wannan babbar kotu ce, mai ikon da ya fi na majistare faɗi, sai dai ta nuna wata matsala da ta shafi kowa: hukuncin raina kotu gajere ne, ɗaukaka ƙara kuwa doguwa. Kafin a haɗa takardu a kai sama, mutum ya gama zaman. Abin da zai samu daga baya, in ya samu, shi ne wanke suna.

Neman diyya ma ba abu ne mai sauƙi ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, amma dokoki suna ba alƙalai kariya daga ƙara a kan abin da suka yi a bakin aikin shari'a, kuma akwai hikima a ciki, don alƙalin da yake tsoron a kai shi ƙara kan kowane hukunci ba zai iya yanke komai ba. Hanyar da ta rage ita ce ta ladabtarwa. Alƙalan manyan kotuna suna ƙarƙashin Majalisar Shari'a ta Ƙasa. Majistarori da alƙalan ƙananan kotuna kuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha ce take ɗaukarsu, take kuma hukunta su, ƙarƙashin jagorancin Babban Jojin jiha. Kowa yana iya rubuta mata koke. Amma koke yana buƙatar hujja, hujjar kuma tana cikin kundin da wanda ake ƙorafi a kansa ya rubuta.

Shi ya sa nake ganin gyaran da ake buƙata bai kai a taɓa tsarin mulki ba, Babban Jojin kowace jiha yana iya yin sa da umarnin aiki. A wajabta cewa duk majistare ko alƙalin da ya tsare wani don raina kotu, ko na awa ɗaya ne, ya rubuta kalaman da aka faɗa ɗaya bayan ɗaya, har da nasa, da damar da ya bai wa mutumin ya kare kansa, a aika wa ofishin Babban Joji kafin a tashi aiki. In zagin kan alƙalin ya faɗa, kuma an riga an fitar da mai zagin shari'a ta ci gaba, a miƙa hukuncin ga wani alƙalin da ba shi aka zaga ba. A kuma fara naɗar sautin zaman kotu. A shekarun 1980, yin wannan sai an sayo na'ura da kaset. Yau wayar da ke aljihun magatakardan kotu ta isa ta ɗauki zaman yini guda, a adana shi tare da fayil.